Kwana huɗu a San Antoniyo: yadda Yaya ta nemi abincin Meziko mai araha kuma na halal

Wannan rubutun na yi shi ne saboda tun da yayata ta dawo daga Amurka mutum uku sun tambaye ni yadda ta yi da maganar abinci, biyu a ciki abokan aikinta ne da su ma suke sa ran irin tafiyar, to gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya da risit ɗin a gabana, dan ni ta ba ajiyarsu, kuma ni ne nake kan waya da ita kullum dare daga nan Tudun Wada har ta dawo.

Yaya malamar jinya ce, tana koyarwa a nan Kaduna. A watan Oktoba na 2024 ta samu gayyatar wani taro na kwana uku a San Antoniyo, jihar Tekzas. An biya mata jirgi da otal, amma abinci daga ɗan alawus ɗin da aka ba ta ne, kuma duk wanda ya san halin da ake ciki a lokacin ya san dala ta haura naira 1,500, dan haka kowace dala da ba ta ci ba kuɗin makarantar yara ce da tsarabar Umma. Ta yanke wa kanta dala 25 a rana, kwana huɗu dala 100. Kilishi kuwa da Umma ta so a ƙulla mata ba a ƙulla ba, saboda kwastam ɗin Amurka ba sa barin a shiga da nama, sai ganyen shayi da madarar gari da biskit ta tafi da su.

Me ya sa abincin Meziko? Ai ba zaɓi ba ne ma sosai, shi ne abincin garin. Sifaniyawa ne suka kafa San Antoniyo a 1718, kuma Tekzas gaba ɗayanta ƙarƙashin Meziko take har 1836, sai a 1845 ta shiga cikin Amurka. Har gobe fiye da rabin mutanen birnin asalinsu daga can ɓangaren ne, Sifaniyanci a titi kamar Hausa a Kawo. Sannan a bakin Bahaushe abincin ba baƙo ba ne can can: shinkafa, wake, masara, tumatir, albasa, barkono. Da na duba mata tun kafin ta tafi na ce Yaya kin huta, shinkafa da wake ne da yaji. Wannan maganar tawa rabin gaskiya ce, kuma rabin da na bari shi ya wahalar da ita.

Ta sauka ran Litinin da yamma. Otal ɗin yana tsakiyar gari kusa da babban zauren taro na Henry B. González, ƙasansa kuma wajen nan ne da ake kira River Walk, wato hanyar ƙafa da aka gina a gefe biyu na kogin da ya ratsa birnin, ƙasa da titi, sai ka sauka ta matakala. An gina shi tsakanin 1939 da 1941, yanzu kuma gidajen abinci ne jere da lemomi masu launi da kwale-kwalen 'yan yawon buɗe ido suna wucewa. Tsakaninmu da su awa shida ne a lokacin, ƙarfe bakwai na yammarta ɗaya na darena, ina zaune da waya na buɗe taswira na zaɓo mata wani waje mai taurari da yawa wanda bai fi tafiyar minti biyar ba. Ta je, ta zauna a bakin ruwa, ta ce a ba ta gasasshen kifi da shinkafa da wake.

Ga abin da risit ya nuna. Farantin dala 22 aka rubuta a menu. Lemo dala 4. Harajin saye na birnin kashi 8.25 cikin 100, wanda ba ya cikin farashin da ake rubutawa, sai a ƙarshe yake fitowa, ya kai kuɗin dala 28 da 'yan kai. Sai tukwicin weta, dala 5. Jimla dala 33, kusan naira dubu 50 a cin abinci guda. Kuma ba ta ci waken ba, dan da ta juya cokali sai ta ga wasu 'yan jajayen yankan nama a ciki, ta tambaya aka ce mata ai naman alade ne, haka ake dafa irin wannan waken. Allah ya taimaka a ɗan kofinsa daban aka kawo shi bai taɓa sauran ba. Ta kira ni muryarta a sanyaye ta ce Auta na ci kuɗin kwana ɗaya da rabi kuma ban ƙoshi ba.

Bari in ɗan tsaya kan tukwicin nan dan na ji wasu suna cewa ai ba dole ba ne a ƙi bayarwa. A doka ba dole ba ne, amma a Tekzas ana iya biyan mai kai abinci tebur dala 2.13 kacal a awa, a kan cewa tukwici ne zai cike sauran, shi ya sa kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ya zama al'ada. In ka hana, ba mai gidan abincin ka hana ba, yarinyar da ta yi ta zirga-zirga a kanka ka hana. Ni a ganina in mutum ba zai iya ba to kar ya zauna a inda ake kawo masa abinci tebur, ya je inda ake biya a kanta a karɓa da hannu, can ɗan abin da ka jefa a gwangwani ya isa.

Talata ita ce ranar da ta fi muni. Da safe shayi da biskit a ɗaki. Da rana a wajen taro burodi aka raba mai nama a tsakiya, ba ta san naman mene ne ba, ta ɗauki ayaba da tuffa kawai. Da yamma na sake tura ta wani wajen, wannan karon Market Square, kasuwar da suke kira El Mercado, tafiyar kamar minti ashirin yamma da otal. Wuri ne mai tarihi, a can wani gidan abinci yake mai suna Mi Tierra da aka buɗe tun 1941, ta ga layi a ƙofarsa ta wuce dan tsoron abin da ya same ta jiya bai sake ta ba, ba ta so ta sake zama a tebur. Ta yi ta zagaya rumfuna tana kallon abinci tana kasa tambaya, ƙarshe gasasshiyar masara ta saya da aka barbaɗa wa yaji da cuku da lemun tsami, dala 5.

Amma a nan ne wani abu ya faru da har yau in ta tuna sai ta yi murmushi. Ta ga wata babbar kwalba cike da jan ruwa da ƙanƙara, an rubuta agua de jamaica, ta ce a zuba mata, tana kurɓa ta ji zobo ne. Zobo sak, sai dai babu citta da kanumfari. Kusa da shi akwai na tsamiya, tamarindo suke ce masa, da wani fari na shinkafa da kirfa mai suna horchata. Ta turo min hoto na nuna wa Umma da asuba, Umma ta ce to ai 'yan uwa ne. Kuma maganar Umma ba ta faɗi ƙasa ba, Meziko tana cikin manyan masu sayen zoɓorodon Najeriya, wanda ake nomawa a su Jigawa da Kano da Katsina ake loda shi a kwantena. Masarar da ake ji da ita a Saminaka kuma asalinta daga kudancin Meziko ta fito shekaru kusan 9,000 da suka wuce, barkono da tumatir ma daga nahiyar Amurka suka iso mana. Kofin zobon dala 4. Ranar dala 9 ta kashe, a takarda kamar an yi tattali, a zahiri da yunwa ta kwana.

Laraba wajen sha biyu na rana jiri ya fara ɗibarta a wajen taro, ta koma ɗaki ta ɗan kwanta, ta tarar da matar da ke gyaran ɗaki tana canza zanin gado. Dattijuwa ce, ta kusa sa'ar Umma. Ta ga sallaya a shimfiɗe ta kewaye ta ba ta taka ba, wannan ne ya sa Yaya ta saki jiki da ita ta tambaye ta, ba wai ina abinci mai kyau yake ba, a'a, ta ce mata ke a ina kike cin abinci? Matar ta yi dariya ta ce ba a bakin kogi ba kam. Ta kwatanta mata wani ɗan shago bayan an wuce kasuwar jiya an bi ta ƙarƙashin gadar babban titi, ta ce ki yi sauri ƙarfe biyu suke rufewa, tun shida na safe suke buɗe. Da Yaya ta ce mata ba ta cin alade sai matar ta ɗauki biro da takardar otal ta rubuta mata kalmomi: sin puerco, wato ban da alade, sin manteca, ban da kitsen alade, sin tocino, ban da yankakken naman aladen nan da ake soyawa. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin manteca ta ce wannan ne ba a gani da ido.

To a nan ne ainihin lamarin yake, kuma shi ne abin da ban sani ba lokacin da nake cewa shinkafa da wake ne kawai. Naman alade a abincinsu mai sauƙin kaucewa ne in ka san sunayensa: carnitas, al pastor, chorizo, chicharrón, duk alade ne. Al pastor ɗin ma sai ka rantse shawarma ce dan a tsaye ake gasa shi a jikin ƙarfe yana juyawa, kuma daga shawarma ya samo asali, 'yan Labanan da suka yi hijira zuwa Meziko suka kai salon, sai mutanen can suka maye naman rago da na alade. Ɗan Kaduna da ya saba da shawarmar Isa Kaita Road zai iya miƙa kuɗi bai tambaya ba. Amma kitsen shi ne matsala, saboda yana shiga inda ba nama a ciki sam. Markaɗaɗɗen waken nan da ake soyawa, refritos, a girkin gargajiya da kitsen alade ake soya shi. Tortiya ta fulawa, wato faifan burodin nan mai laushi da ake naɗe abinci a ciki, sau da yawa da shi ake kwaɓa ta. Tamal, wanda yake kama da alalar ganye amma na ƙullun masara, shi ma haka. Har wasu burodin zaƙi. Sannan akwai waken charros mai naman alade, shi ta gamu da shi ran Litinin, da waken borrachos da ake zuba wa giya, da soyayyen kifin da wasu ke kwaɓa fulawarsa da giya.

Abin da ya fi damuna da na fahimce shi shi ne, ƙananan shagunan nan masu araha su ne suka fi riƙe girkin gida, dan haka su ne suka fi yiwuwar amfani da kitsen. Wato in Musulmi ya bi araha ido rufe zai iya faɗawa cikin abin da yake gudu, in kuma ya bi tsoro ya maƙale a manyan wurare kuɗinsa ya ƙare kuma can ɗin ma ba tsira ya yi ba, kamar yadda daren farko ya nuna. Dole a warware biyun tare, kuma da baki ake warware su, a tambaya.

Ta je shagon. Tebur bai fi takwas ba, leburori da rigunan aiki masu ɗaukar ido, direbobin bas, wasu ma'aikatan asibiti da kayan aikinsu. Ta miƙa takardar ga matar da ke kanta. Matar ta karanta ta leƙa kicin ta yi magana ta dawo ta faɗa mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye: tortiyar fulawarsu akwai kitse, soyayyen wakensu akwai, amma tortiyar masara babu komai a cikinta sai masara da ruwa da gishiri. Ita tortiyar masara haka take tun asali, ana dafa ƙwayar masarar ne da ruwan farar ƙasa irin ta girki ko toka kafin a niƙa, kusan yadda muke sa kanwa ko ruwan toka a wasu girke-girkenmu, shi yake sa ƙullun ya haɗe ya yi danƙo har a iya faɗaɗa shi, kuma yana sa jiki ya fi amfana da masarar. Yaya ta ce to a ba ta tako uku, wato tortiyar da aka zuba wa abinci a tsakiya aka naɗe, a kan ta masara, biyu na dankalin turawa da ƙwai, ɗaya na ƙwai da tumatir da albasa da ɗanyen barkono, a la mexicana suke kiransa dan launukan tutarsu ne, ja da fari da kore. Sai ta hango faffaɗan ƙarfen da ake suya a kai, duk a nan ake soya komai har da aladen, ta nuna da hannu ta girgiza kai, mai girkin ya gane, ya ɗauko wani kasko daban ya zuba man gyaɗa irin na roba ya soya mata a gefe. Ta ce wallahi Auta ko tsaki bai yi ba.

Tako uku da kofi da haraji da ɗan abin da ta jefa a gwangwani, dala 11. Miyar yajin da ke kan tebur kyauta, ja da koriya, ruwan sha ma kyauta in ka ce na famfo kake so. Ta ce tun da ta bar Kaduna ranar ta fara jin ta ci abinci.

Maganar naman sa da kaza kuwa, ita ta zaɓi ta bar su gaba ɗaya a tafiyar tunda ba ta san yadda aka yanka ba, ta tsaya kan ƙwai da kifi da wake da kayan lambu. Na san akwai masu ci bisa hujjar yankan ma'abota littafi, wannan kowa ya tambayi malaminsa kafin ya hau jirgi, ba a gaban kanta da yunwa ake yanke irin wannan hukuncin ba.

Da yammar Laraba ta bi shawara ta biyu da dattijuwar ta ba ta, ta taka zuwa kantin H-E-B da ke titin South Flores, kudu da tsakiyar gari kaɗan. Ta sayi ƙunshin tortiyar masara, fiya biyu, tumatir, lemun tsami, gwangwanin dafaffen wake mai murfin da ake ja da yatsa, da ayaba, dala 14. Amfanin kanti biyu ne: duk abin da ke cikin gwangwani a rubuce yake a jikinsa, in akwai kitsen alade za ka gani, sannan a Tekzas ba a ɗora harajin saye a kan yawancin kayan abincin da ba a dafa don ci nan take ba, tukwici kuma babu. Wannan sayayyar ita ta ci daren Laraba da daren Alhamis da safiyar Juma'a, akwai ɗan firij a ɗakin. Alhamis da sassafe ta koma shagon kafin taro, dala 9, da rana kuma ta samu wani waje a ɗaya daga titunan sama da kogin da ke da rangwamen abincin rana na ranakun aiki, ta ci takon gasasshen kifi, ta ce musu a la plancha kar a soya da fulawa, dala 15 har da tukwici.

In aka haɗa: 33 da 9 da 25 da 24, dala 91. Ta tsaya cikin ɗarin da ta yanke wa kanta, amma dubi yadda aka rabu, cin abinci guda na daren farko ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na duka kuɗin, kuma Talata ba tattali ba ne, yunwa ce. Da ta san abin da ta sani ran Laraba tun ran Litinin, da ta ci sau uku a rana kullum da kuɗin da bai kai haka ba.

Ni inda na yi kuskure a fili yake, na bi taurarin taswira. Masu ba da taurarin a tsakiyar gari yawanci baƙi ne irinta da suka zo hutu da kuɗin kashewa, kyan wuri suke yabawa da kiɗa da kallon ruwa, kuma kuɗin hayar bakin kogin a cikin farantinka yake. Abin da na sani ne a nan gida amma ban kai shi can ba. Baƙon da ya sauka a otal a Ahmadu Bello Way in ya tambayi waya za ta kai shi inda ake kunna na'urar sanyaya ɗaki, in ya tambayi mai gadi zai kai shi wajen mai tuwo da miyar kuka a lungun Unguwar Shanu ko mai waina a Tudun Wada. San Antoniyo ma ta taɓa samun irin masu abincin nan a tsakiyarta, matan da ake kira chili queens, suna kafa tebura da fitilu a dandalin birnin tun ƙarni na 19 suna sayar da romon nama da barkono da araha, har hukumomin lafiya suka tashe su tsakanin ƙarshen shekarun 1930 da farkon 1940. Da tsakiyar gari ya yi tsada sai abincin talaka ya ja baya zuwa unguwanni, musamman yammacin birnin, kuma ya koma bin lokacin ma'aikata, shi ya sa shagon yake buɗewa shida ya rufe biyu. Wanda ya fito neman araha ƙarfe bakwai na dare kamar yadda ta yi kwana biyun farko ya riga ya makara. Wani abin lura kuma, duk wuraren nan a ƙafa ta je, da motar haya ta waya ta riƙa kira da kuɗin zuwa da dawowa ya shanye rarar.

Safiyar Juma'a kafin ta sauka da jaka ta nemi dattijuwar a hawa na sama ta same ta, ta ba ta sabuwar atamfa guda da ta tafi da ita da niyyar ba wata abokiyar taro, da ɗan kwalbar humra. Matar ta rungume ta. Takardar otal ɗin mai kalmomi uku tana nan cikin fasfo ɗin Yaya, makon jiya ɗaya daga abokan aikin nata ta zo gida da Magariba ta ɗauki hotonta a waya, Yaya ta ce mata ki ƙara da de maíz a ƙasa, na masara ke nan, dan ranar Alhamis ta manta ta faɗa sai da aka sake mata wani.